Tambaya Da Amsa: An Rufe Makaranta Ba Shiri, Wa Zai Gaya Wa Iyaye?

Yawancin wasiƙun da suka iso teburin ilimi a wannan watan a kan abu ɗaya suke: rufe makarantun sakandare ba zato ba tsammani. Ba abin mamaki ba ne. An rufe su saboda korona a Maris na 2020, an rufe na kwana a Katsina da jihohin da ke maƙwabtaka da ita bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disambar wannan shekarar, ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ta mayar da wasu makarantu sansanin waɗanda ruwa ya kora, sannan a Nuwambar 2025, bayan sace ɗalibai a Maga da Papiri, gwamnatin tarayya ta rufe kwalejojinta fiye da arba'in a rana ɗaya. Mun zaɓi bakwai daga cikin tambayoyin, tsofaffin shugabannin makarantu da masu aikin sadarwa suka taya mu amsawa.

Assalamu alaikum. Ni mataimakin shugaba ne a wata makarantar kwana ta maza mai ɗalibai kusan 900. Idan umarnin rufewa ya iso da la'asar, me za mu fara yi? Wasu abokan aiki sun ce a fara sanar da iyaye, wasu sun ce a fara sallamar yara. — Malami, Funtuwa

Wa alaikumus salam, Malam. Duka ɓangarorin biyu sun tsallake matakai. Abin farko shi ne a tabbatar umarnin na gaske ne. Takarda mai tambarin ma'aikata da ta shigo ta WhatsApp ba hujja ba ce, yaro mai wayo zai haɗa irinta a cikin minti goma. Shugaba ya kira ofishin shiyya ko hukumar da makarantar take ƙarƙashinta, a lambar da ya riga ya sani, ba wadda ke jikin takardar ba. Ya tambayi abu huɗu: daga yaushe rufewar ta fara, ta shafi 'yan ajin ƙarshe ko ban da su, an ba da awa nawa a kwashe yara, kuma wa aka ba damar magana da 'yan jarida.

Daga nan sai ƙidaya, kuma a nan ake yawan yin sakaci. Kowane malamin ɗakin kwana ya ɗauki rajistarsa ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, ya ga fuskar mai amsawa. "Yana nan, ya je bayi" ba amsa ba ce, a jira shi ya dawo. A haɗa da na ɗakin shan magani, da waɗanda aka ba izinin zuwa gida, da waɗanda aka aika. Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne ya tuna da Jangebe a Fabrairun 2021: an fara cewa 'yan mata 317 aka tafi da su, da aka sako su aka ce 279 ne. Kalmar da kowace uwa take jira ita ce "yara duka lafiya", kuma ba ka da ikon faɗin ta sai lissafinka ya cika.

Bayan ƙidaya, a tara ma'aikata na minti goma sha biyar, a karanta musu bayani ɗaya rubutacce. Ma'aikata a nan har da masu gadi da masu dafa abinci da direba, domin uban da ya iso da asuba maigadi zai fara tambaya, ba shugaba ba. Sai a tara yara a filin taro a gaya musu gaskiya daidai shekarunsu: an rufe, ga dalili, ga yadda za a tafi, babu mai fita shi kaɗai. Kada ka yaudari kanka cewa an hana waya a makaranta. Akwai wayoyi a cikin katifu, kuma duk gurbin da ka bari a bayaninka, su za su cike shi su aika gida. Saboda haka tazarar da ke tsakanin gaya wa yara da gaya wa iyaye kada ta wuce rabin awa.

Saƙon iyaye ya ɗauki abu biyar: an rufe daga ranar kaza, wa ya ba da umarni, halin da yara suke ciki, abin da ake so uba ya yi da lokacinsa, da kuma ranar da za a sake jin makaranta. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, shi ne kuma yake rage kiran waya.

Bayan an tura tes, a bi shi da kira. Mutum ɗaya ba zai iya ba: iyaye 900 a minti biyu-biyu awa talatin ke nan. Amma idan aka raba wa malaman aji 18, kowa da yara 50, cikin awa biyu an gama. A ba kowane malami kati da takarda mai layi uku: an samu, ba a ɗauka ba, layin ba ya shiga. Waɗanda ba a samu ba a sake gwada su bayan sallar isha'i da kuma bayan asuba, lokacin da manomi da ɗan kasuwa suke kusa da waya.

Game da sallama, in ba jami'an tsaro ne suka ce kwana a wurin ya fi hanya haɗari ba, kada a saki yaro da dare. Da safe na nesa su fara tafiya don su isa da sauran rana, na cikin gari su biyo baya. A ƙofa a ajiye littafi: sunan yaro, ajinsa, wanda ya zo tafiya da shi, dangantakarsu, lambar wayarsa, lokaci, sa hannu ko dangwale. Wanda ya ce shi kawu ne amma babu sunansa a rajista, a kira uba ko uwa a gabansa. 'Yan gari ɗaya a haɗa su a mota ɗaya da babba ɗaya, a rubuta lambar motar da wayar direba. Ku yi tanadin abincin kwana biyu, domin sai an sami waɗanda ba a zo musu ba, wasu don rashin kuɗin mota. Kuma aikinku bai ƙare a bakin ƙofa ba. Malamin aji ya rufe takardarsa ne idan ya ji daga gida cewa yaro ya iso.

Duk wannan yana tafiya ne idan rajistar lambobi tana da rai. Ba a fafe gora ranar tafiya. A farkon kowane zango a karɓi lamba uku a kan kowane yaro: ta uba, ta uwa, da ta wani makusanci da ba ya rabo da waya, ko mai shagon unguwa ne. A rubuta sunan unguwa ko ƙauye, sunan mai unguwa, tashar da ake hawa mota, da ranar kasuwa. A mako na biyu a tura saƙon gwaji a ga layuka nawa suka mutu. Layuka da yawa sun rufe a 2024 saboda rashin haɗa su da lambar NIN, kuma layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani kan sayar wa wani. A buga rajistar a takarda kwafi biyu, ɗaya ta kwana a wajen makaranta, don ruwa ko wuta ko rashin caji ba sa neman izini. A kuma kulle ta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi makarantu, ko da babu doka ma, jerin sunayen yara da adireshin gidajensu ba abin yawo ba ne a wannan zamanin.

Mun tura tes ga iyaye 900 ta kamfanin tura saƙo da yawa. Kuɗin ya ninka uku, wasu iyaye sun ce akwatuna suka gani a maimakon rubutu, wasu kuma bai iso musu ba sam. Ina matsalar take? — Sakatariyar wata makaranta mai zaman kanta, Kano

Malama, kin rubuta Hausa mai kyau ce, ita ta ja miki. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, har da tazara. Amma haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin jerin haruffan da aka gina tes a kansu. Da zarar ɗaya tak ya shiga, saƙon gaba ɗaya yana komawa wani tsari mai ɗaukar haruffa 70 kawai, idan kuma ya wuce shafi ɗaya, kowane shafi 67. Saƙo mai haruffa 142 sai ya zama shafi uku. A kan naira 6 kowane shafi, abin da za ki biya 5,400 ya koma 16,200. Ƙananan wayoyi masu madannai da yawa kuma ba su san waɗannan haruffan ba, shi ya sa suke nuna akwati. Alamar ɗauri mai lanƙwasa, irin wadda kwamfuta ke sakawa da kanta a "'ya'ya", ita ma tana jawo hakan idan aka kwafo rubutu daga Word.

Cire ƙugiyar kawai ma yana da nasa haɗarin. "An yi fada" da "an yi faɗa", "baki" da "baƙi", "kasa" da "ƙasa": a ranar firgici ba a so uwa ta tsaya cankar ma'ana. Dabarar ita ce a zaɓi kalmomin da tun asali ba su da ƙugiya. Yara a maimakon ɗalibai, tafi da su a maimakon ɗauke su, sabon bayani a maimakon ƙarin bayani. Ga misali:

An rufe makaranta daga Litinin 3/3 bisa umarnin gwamnati. Yara duka lafiya. A zo a tafi da su Talata 8 zuwa 2. Sabon bayani Laraba 4 na yamma.

Haruffa 142 ne, akwai sauran wurin lambar waya. Ki lura babu "yau" babu "gobe". Wayar da ba ta da caji sai washegari za ta buɗe, goben mai karatu ba goben mai rubutu ba ce.

Waɗanda bai iso musu ba, mai yiwuwa sun taɓa tura STOP zuwa 2442 don hana saƙonnin talla. Idan kamfanin ya bi da saƙonki ta hanyar talla, za a tare shi. Ki tambaye su tun yanzu ko suna da hanyar saƙonnin sanarwa da ke isa ga irin waɗannan layukan, ki yi rajistar sunan makaranta a matsayin sunan mai aikawa, wanda ba ya wuce haruffa 11, ki kuma nemi rahoton waɗanda saƙon ya shiga. Rajistar sunan takan ɗauki kwanaki, ba aikin ranar rufewa ba ne.

Zaurenmu na WhatsApp na iyaye da malamai ya zama kasuwa. Ranar da aka rufe makaranta sanarwar shugaba ta nutse a ƙarƙashin addu'o'i da hotuna da bidiyon da ba mu san daga ina suke ba. Mu rushe shi ne? — Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, Zariya

Kada ku rushe shi, Alhaji, ku raba aiki gida biyu. Zaure ɗaya na sanarwa, a saita shi yadda masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu, mutum uku sun isa: shugaban makaranta, mataimakinsa, da kai. Na biyu na hira, a bar mutane su yi jaje su yi tambaya, domin idan aka toshe musu baki za su buɗe wani zauren da babu kowa daga makaranta a ciki. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, amma na aji-aji ya fi sauƙin riƙewa, malamin aji ya san muryar kowa.

Wasu makarantu kan dogara da jerin aikawa kai-tsaye, wanda ke tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa kowa a akwatinsa. Mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai adana lambar mai aikawa a wayarsa ba. Mai aikawa yana ganin ya gama aiki, alhali rabin iyaye ba su ga komai ba.

Kowace sanarwa ta fito da lamba da rana da lokaci: sanarwa ta 1, ta 2, ta 3. Wanda ya ga ta 4 bai ga ta 3 ba zai nema, kuma tsohuwar sanarwar bara ba za ta dawo ta ruɗa mutane ba. A haɗa kowace da saƙon murya na shugaba, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya fara da sunansa da ranar. Uwar da ba ta karatun boko za ta ji, kuma minti ɗaya na murya ba ya cin ko rabin megabait. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Muryar da iyaye suka saba ji ranar ziyara ta fi hoton takarda kwantar da hankali. Hoton takarda ma, a ƙaramin allo ba ya karantuwa.

A tsayar da lokaci, misali ƙarfe 4 na yamma kullum a makon farko, daga baya sau biyu a mako. Ko babu sabon abu a fito a ce babu sabon abu, sai Laraba. Shugabanni da yawa kan yi shiru don kada su faɗi abin da ma'aikata ba ta faɗa ba, sai shirun ya zama gonar jita-jita. Idan ƙarya ta shigo, kada a sake tura ta da sunan ƙaryatawa, ana ƙara mata ƙafa ne. A rubuta gaskiyar a sanarwa mai lamba.

Abu na ƙarshe: wayar da ke riƙe da zauren a saka mata makulli na biyu na WhatsApp, wato lambar sirrin da mai wayar ke zaɓa da kansa. Masu ƙwace zaure kan kira su ce za a yi taron iyaye ta intanet, a karanto musu lambobi shida da suka shigo ta tes. Wanda ya karanta ya ba da zauren, kafin awa ɗaya ana roƙon kuɗi da sunan shugaba.

Yawancin iyayen yaranmu a ƙauyuka suke, sabis sai an hau tudu. Duk wannan maganar ta waya ina za ta kai mu? — Malami, ƙaramar hukumar Anka

Tambayarka ta fi kowace muhimmanci, Malam, kuma jiharku ta ga ƙarshen abin. A farkon Satumbar 2021 an rufe makarantun Zamfara, kwana biyu bayan haka aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya, wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato ma suka bi. Makarantar da tsarinta ya tsaya a kan waya kaɗai, a wannan lokacin ba ta da baki.

Rediyo ne kan gaba. A kai sanarwa rubutacciya da sa hannu da hatimi, wadda ba ta wuce minti ɗaya ba idan aka karanta, a nemi a saka ta daf da labaran safe da na dare, kwana uku a jere. Idan makarantu da yawa abin ya shafa, ofishin shiyya ya haɗa su a sanarwa ɗaya, kuɗin ya ragu.

Sai hanyoyin da suka riga waya zuwa duniya. Takarda ta tafi wurin hakimi, ta sauka ga dagatai da masu unguwanni, mai shela ya zaga. Limamai su karanta bayan sallar Juma'a, fastoci ranar Lahadi. Shugaban direbobi a tasha ya raba wa motocin da ke shiga ƙauyuka. A manna kwafi a shagon caji, inda duk mai waya sai ya je, da wurin niƙa da asibitin sha-ka-tafi, inda mata suke taruwa. Wannan na ƙarshen kada a raina shi: sanarwar masallaci maza ke ji, kuma ba kowane maigida ke kai labari cikin gida yadda ya ji shi ba. Wakiliyar mata a kwamitin kula da makaranta ita ce hanyar shiga gidaje.

Tun da kwanciyar hankali, a haɗa yara rukuni-rukuni bisa ƙauyukansu, kowane rukuni da wakili ɗaya daga iyaye mai babur ko rediyo. A yi yarjejeniya tun farkon shekara: idan waya ta mutu, a saurari tasha kaza bayan labaran safe, wakilai kuma su haɗu da malami a wuri kaza ranar kasuwa. A ba mai kai saƙo takarda, kada a ba shi da baki. Magana idan ta bi baki uku, "an rufe na mako biyu" sai ta zama "an rufe har abada".

Amma akwai abin da ba a shela. Inda matsalar tsaro ce, ranar kwashe yara, hanyar da motoci za su bi, da wurin da aka mayar da 'yan ajin ƙarshe, waɗannan daga baki sai kunnen uba. Rediyo kowa ke ji, har na daji.

An turo mini saƙo cewa a biya kuɗin "darasin gida" a wani asusu kafin Juma'a, in ba haka ba za a cire sunan ɗana. Wani saƙon kuma ya ce an koma makaranta Litinin. Yaya zan gane na gaskiya? — Uwa, Gusau

Hajiya, kada ki tura ko sisi, kada kuma ki saka yaro a mota. Ki kira malamin ajinsa a lambar da kika sani tun da. Idan sunan da ya fito a asusun na mutum ne ba na makaranta ba, ko lambar asusun ta bambanta da wadda kika saba biya, magana ta ƙare. Saƙon da ke tsoratarwa da wa'adi gajere, ko mai alamar an tura shi sau da yawa, abin zargi ne. Ranar komawa kuwa sai kin ji ta daga wuri biyu, makaranta da rediyo ko sanarwar ma'aikata. Ki adana lambar makaranta da suna a wayarki yau, ki ba su lambarki ke kanki, kada ta maigida kaɗai ta zauna a rajista.

Ina aji shida, an rufe makarantarmu, ba mu san ranar komawa ba. Jarrabawarmu fa? — Ɗaliba, Kontagora

'Yata, rufe makarantarku ba ya tsayar da agogon WAEC ko NECO ko JAMB. A 2020 an ɗage WAEC daga Afrilu zuwa 17 ga Agusta ne domin korona ta rufe ko'ina. Rufewar jiha ɗaya ko makaranta ɗaya ba ta ɗage ta. Abin da aka saba yi shi ne a mayar da masu jarrabawa wata cibiya a cikin gari.

Ki kira malamin da ke kula da jarrabawa ki tambaye shi abu uku: an kammala rajistarki har da hoto da yatsu, an tura makin ayyukanki na aji, kuma ta wace hanya za a sanar da ku idan an canja cibiya. Ki duba rubutun sunanki da ranar haihuwa su yi daidai da na NIN. Layin da kika yi rajistar JAMB da shi, wanda kika tura NIN zuwa 55019 ko 66019, ki riƙe shi kamar ido, kada ya mutu, kada ki ba kowa aro, ta nan saƙonninsu ke zuwa.

Ga makarantu kuma: 'yan aji uku da aji shida su sami jerin sunaye na daban da malami na daban. Kada a sallami yara hannu rabbana. Ko awa biyu ta rage, kowane malami ya rubuta a allo babukan da za a karanta na mako huɗu, yara su kwafa, su tafi da littattafansu maimakon a kulle su a akwati. Mai babbar waya a gida zai iya shiga manhajar Nigeria Learning Passport da aka ƙaddamar a 2022, amma kada a gina shiri a kanta. Aikin da aka buga a takarda, ana karɓa ana mayarwa duk mako biyu ta hannun wakilin ƙauye, ya fi isa ga kowa.

Idan cuta ce ta sa aka rufe, me za a gaya wa iyaye? Shugabanmu yana tsoron ambaton sunan cutar kada sunan makaranta ya ɓaci. Kuma iyaye sun dame mu da tambayar ranar komawa. — Malama, Azare

Malama, ɓoye sunan cutar shi ne babban kuskure, domin kuna tura yara ɗaruruwa cikin gidaje masu jarirai da tsofaffi. Idan jami'an lafiya sun tabbatar, a faɗa. Idan ba su tabbatar ba, a ce ana zargin kaza, ana jiran sakamako. Rufe makaranta saboda cuta ba abin kunya ba ne. A Afrilun 2015 Nijar ta rufe makarantun Yamai gaba ɗaya saboda sanƙarau.

Saƙon ya faɗi alamomi da kwanakin sa ido. Sanƙarau: zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya, yakan bayyana cikin kwana 2 zuwa 10. Mashaƙo: ciwon maƙogwaro, kumburin wuya, wahalar haɗiya, a sa ido har kwana 10. Amai da gudawa: daga 'yan awoyi zuwa kwana 5, a fara ba da ruwan gishiri da sukari tun a hanyar asibiti. A rubuta sunan asibitin da za a je, a ce wa iyaye su gaya wa likita daga wace makaranta yaron ya dawo, a saka lambar kyauta ta hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka, 6232. Iyayen yaran da suka kwanta, ko waɗanda suke ɗaki ɗaya da su, shugaba ya kira su da kansa kafin sanarwar kowa da kowa ta fita. Sunan yaro mara lafiya ba ya shiga zaure. Rasuwa kuwa ba a faɗin ta a tes, a tashi mutum ya je gida.

Ranar komawa, kada ku faɗi abin da ba a hannunku yake ba. A 2020 mutane sun ɗauka makonni ne, 'yan ajin ƙarshe ba su koma ba sai 4 ga Agusta, saura sai bayan nan. A Nijar a 2024 an ɗage komawa daga 2 ga Oktoba zuwa 28 saboda ambaliya. Ku faɗi sharaɗin, misali sai jami'an lafiya sun gama rigakafi kuma ma'aikata ta ba da takarda, sannan ku faɗi ranar bayani na gaba.

Idan ranar ta tabbata, a ba iyayen 'yan kwana aƙalla kwana biyar su nemi kuɗin mota da guzuri, kuma wa'adin ya ratsa Juma'a ɗaya da ranar kasuwa ɗaya don labari ya kai ƙauye. Sanarwar ta faɗi abin da aka gyara, ko rijiya ce ko katanga, da matsayin kuɗin makarantar da aka riga aka biya, da sabon jadawalin zango. Mako ɗaya bayan komawa, malamin aji ya fitar da sunayen waɗanda ba su dawo ba. A kira gidajensu. Inda waya ba ta shiga, a je tare da mai unguwa da wakiliyar mata, a fara da gidajen 'yan mata da na yaran da aka ji sun fara zuwa kasuwa ko gareji.